Zawo bayan shan madara: ƙwayar cuta ce, ko ciki ne ya ƙi abincin?

Wani magidanci mai shekara 41 daga nan cikin garin Tawa ya aiko da tambaya, ga kuma taƙaitawarta. Wata biyu da suka wuce, a tsakiyar damina, ya yi zawo mai tsanani na kwana biyar tare da masassara. Ya warke, amma tun daga lokacin cikinsa bai koma yadda yake ba. Duk safiyar da ya tsaya wurin mai shayi ya sha shayi da madara, kafin ya yi awa biyu a wurin aiki sai cikin ya fara ƙugi, ya kumbura, iska ta cika shi, sannan zawo mai ruwa ya biyo baya sau biyu ko uku, daga nan kuma ya lafa. Hura da nono mai tsami ba ta cika damunsa ba. Ba ya ganin jini, ba ya masassara, bai rame ba, kuma iyalinsa duk lafiya lau suke. Sau uku yana sayen Flagyl, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a hannun masu tallar magani, kowane karo ya ji kamar ya samu sauƙi, sai kuma abin ya dawo. Yana so ya sani ko ƙwayar cutar ce ta ƙi mutuwa, ko kuwa wani abu ne daban.

Malam, yadda ka bayyana abin, zatona mafi ƙarfi shi ne hanjinka ne ya kasa narkar da sukarin da ke cikin madara, kuma zawon da ka yi a damina shi ne ya bar maka wannan rauni. Amma ba zan rufe ƙofa ba tukuna, domin akwai wata ƙwayar cuta guda da ke iya yin irin wannan shiga, zan zo kanta. Abin da nake so ka riƙe shi ne hanyar da muke bi mu rarrabe biyun, domin tana hannunka fiye da yadda take hannun likita. Kai ne kake zaune da cikinka, kai ne ka san abin da ka ci da lokacin da ciwon ya taso.

Idan muka ce ƙwayar cuta, muna nufin wani abu mai rai ya shiga ta baki, ta ruwa ko abinci ko hannu marar tsabta, ya hayayyafa a cikin hanji, jiki kuma ya tashi yaƙi da shi. Wannan yaƙin shi ne yake kawo masassara, ciwon gaɓoɓi, kasala da rashin cin abinci. Rashin jituwa da abinci kuwa babu maƙiyi a cikinsa. Abincin yana iya zama mai tsabta ƙal, wani ya ci ya kwana lafiya, amma naka hanjin ba shi da isasshen abin da zai narkar da shi. A madara akwai wani sukari da ake kira laktoz, kuma a jikin bangon ƙaramin hanji akwai wani sinadari mai suna laktaz wanda aikinsa ke nan ya raba wannan sukari gida biyu domin jini ya ɗauka. Idan laktaz ya yi ƙaranci, sukarin yakan wuce yadda yake har babban hanji, ya jawo ruwa tare da shi, can kuma ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanjin kowa su far masa su ruɓar da shi. Ruwan da ya jawo shi ne zawon, ruɓewar kuma ita ce iskar da ƙugin da kake ji. Da zarar abin ya fita, magana ta ƙare sai wani shan.

Wannan ba baƙon abu ba ne. Kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya laktaz ɗinsu yana raguwa bayan yaye, wasu kaɗan wasu da yawa. Al'ummomin da suka daɗe suna kiwo, irin Fulani da Abzinawa, da yawansu sun gaji riƙe shi har tsufa, shi ya sa za ka ga makiyayi a wajen Abalak ya kafa kai ya shanye ƙwaryar madarar da aka tatso yanzu bai ji komai ba, alhali baƙonsa na gari ya sha rabinta ya wuni yana zarya. Abin da ya ja hankalina a tambayarka shi ne batun hura. Nonon da ya yi tsami, ƙwayoyin da suka tsamar da shi sun riga sun cinye wani kaso na sukarin, kuma suna ci gaba da taimakawa a cikin hanji, ga shi kuma geron hurar yana rage saurin wucewarsa. Garin madara da madarar gwangwani kuwa sukarinsu yana nan cikakke, mai shayi kuma ba ya rowa idan ya san ka. Ƙwayar cuta ba ta san bambanci tsakanin kindirmo da garin madara ba. Hanjin da laktaz ya yi wa ƙaranci ya sani sarai.

Abu na farko da nake tambayar duk wanda ya zo mini da ciwon ciki shi ne lokaci. Rashin jituwa da madara yakan nuna kansa tsakanin minti 30 da awa biyu bayan sha, wani lokaci ya ɗan wuce haka. Yawancin ƙwayoyin cuta suna buƙatar lokacin hayayyafa: salmonela tana ɗaukar daga awa 6 zuwa kwana 6, shigela mai kawo atini kwana ɗaya ko biyu, jardiya mako ɗaya zuwa biyu, amiba sau da yawa mako biyu zuwa huɗu, taifot kuwa tana iya kai wa wata guda. Saboda haka mutane sukan ɗora laifi a kan abincin da suka ci na ƙarshe, alhali mai laifin shi ne salatin shekaranjiya ko ruwan da aka sha a hanya makon jiya.

Sai dai agogo kaɗai ba ya yanke hukunci, domin akwai gubar abinci mai zuwa da gaggawa. Wasu ƙwayoyi sukan zuba dafinsu a cikin abincin tun kafin a ci shi, musamman dafaffiyar shinkafa da ta wuni ko ta kwana a rufe cikin zafi, da nama ko madarar da hannu ya taɓa aka bar su a waje. Wanda ya ci, cikin awa ɗaya zuwa shida amai zai turnuƙe shi, kuma ɗumama abincin ba ya kashe irin wannan dafi. Na taɓa karɓar mutum bakwai a dare ɗaya daga gida guda bayan wani suna, tsohuwa da jikokinta da surukarta, kowa riƙe da roba yana kelaya amai, kuma da aka bi diddigi duk sun ci daga tukunyar shinkafar da aka dafa tun da hantsi aka raba bayan isha'i. Ɗaya tilo da bai kamu ba shi ne yaron da ya yi barci bai ci ba. Kafin azahar ta washegari duk sun miƙe. Abin da ya raba wannan da naka shi ne ya zo sau ɗaya, ya kama jama'a tare, kuma amai ne a gaba. Naka kuwa kai kaɗai yake kamawa, yana maimaita kansa a kan abu ɗaya, kuma iska da kumburi ne a gaba.

Maimaituwar nan ita ce babbar shaida, tare da yawan abin da aka sha. Mafi yawan masu wannan matsala suna iya ɗaukar kimanin giram 12 na laktoz a zama ɗaya, wato abin da ke cikin kofi guda na madara mai mililita 250, ba tare da wata damuwa mai yawa ba, musamman idan da abinci aka haɗa. Cokali ɗaya a shayi ba ya yin komai, cokali huɗu a kan cikin da babu komai ya tayar da hankali. Ƙwayar cuta ba ta yin wannan lissafi. Ko ka ci ko ba ka ci ba tana aikinta, tana tashe ka tsakar dare ka nufi makewayi, kuma ko azumi kake zawon ba ya tsayawa cak. Zawon da ke tayar da mutum daga barci alhali bai sha madara da dare ba, ba na yarda in kira shi rashin jituwa da abinci sai na bincika.

Sannan a dubi bayan gidan kansa, ko da yake mutane suna jin nauyin bayyana shi. Na rashin jituwa da madara ruwa-ruwa ne, mai kumfa, mai warin tsami, yana fita da iska. Jini da majina tare da murɗa da yawan jin kashi alhali kaɗan ne ke fita, wannan atini ne, ko na shigela ko na amiba, kuma rashin jituwa da abinci ba ya kawo shi. Zawo mai yawa fari kamar ruwan wankin shinkafa, wanda ke zuba ba murɗa, mutum ya zabge cikin awoyi kaɗan idanu su faɗa, wannan kwalara ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Mun gan ta a shekarar 2021, lokacin da ta kama fiye da mutum 5,000 a nan Nijar, jihar Tawa na cikin inda ta taɓa. Mai irin wannan zawo ba ya jiran gari ya waye, a kai shi asibiti ana ba shi ruwan gishiri da sukari tun a hanya.

Yanzu ga wurin da abubuwan biyu suke cuɗanya, kuma nan ne nake ganin matsalarka take. Laktaz yana zaune ne a can saman ƴan tsirarrakin da suka lulluɓe bangon hanji, wuri mafi saurin lalacewa. Zawo mai tsanani yakan kankare wannan wuri kamar yadda ruwan sama mai ƙarfi yake wanke saman gona, ƙwayar cutar ta mutu ta tafi, amma hanjin ya zauna makonni, wani lokaci watanni, kafin ya gyara kansa. A cikin wannan tsakani mutumin da ya saba shan madara tun yana yaro sai ya ga ta juya masa baya. Cutar ta wuce, tabonta ne ya rage, kuma tabo ba ya jin maganin kashe ƙwayoyi. Akwai kuma kimanin mutum ɗaya cikin goma da hanjinsu yakan zama mai saurin fushi bayan irin wannan zawo, ya riƙa murɗa da kumburi a kan abinci iri-iri ba madara kaɗai ba, duk da awo bai nuna komai ba.

Ƙwayar da na ce zan dawo kanta ita ce jardiya. Tana zuwa ta ruwan da bayan gida ya gurɓata, tana manne wa bangon ƙaramin hanji, ba ta cika kawo masassara ko jini ba, kuma tana iya zama watanni. Alamunta kumburi, gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, bayan gida mai maiƙo mai ɗoyi wanda ke wuyar wankewa, da rama a hankali. Abin da ya sa take ruɗa mu shi ne ita kanta tana rage laktaz, don haka mai ɗauke da ita madara tana tayar masa da ciki. Bambancin shi ne idan ya bar madara yakan ji sauƙi ne kawai, ba ya warkewa sarai.

Game da Flagyl ɗin da ka sha sau uku, ina roƙonka kada ka ƙara na huɗu. Ka tuna da kyau: a kwanakin da kake shan maganin, ba ka bar shayin safe ka koma kunu da abinci marar nauyi ba? Yawancin waɗanda na yi wa wannan tambaya sukan yi shiru, sannan su ce haka ne. Sauƙin daga barin madarar ya zo, maganin ya karɓi godiya. Idan kuma jardiya ce, ƙwaya huɗu ko shida da mai talla yake ƙirgo maka a leda, waɗanda suka sha rana a kan tire, ba su kai adadin da zai kashe ta ba, sai dai su kwantar da ita ta sake tashi. Ban da haka, magungunan kashe ƙwayoyi suna kashe har da masu amfani da ke cikin hanji, su kansu suna kawo zawo, kuma yawan shan su barkatai shi ne ya sa a yau magunguna irin su kotirimokzazol ba sa jin atini kamar da. Abin yana damuna ƙwarai, domin ranar da ɗanka zai buƙaci maganin da gaske, ƙwayar da ta saba da shi ce za ta tarye shi.

Gwajin da zan ba ka ba ya cin ko dala. Ka bar duk wani abu mai madara har kwana 14: shayi da madara, yawut, madarar gwangwani, alewar madara, biskit da kek, har da hura da nono a wannan ɗan lokaci, domin gwajin ya fita tsaf. Kada ka canza komai a sauran abincinka, kada kuma ka sha wani magani, in ba haka ba ba za mu san wanda ya yi aikin ba. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da ka ci da lokacinsa, da lokacin da ciki ya motsa, da sau nawa ka fita. Idan madara ce, cikin kwana biyu zuwa uku za ka ga bambanci, kafin mako ya cika cikin ya kwanta. Daga nan sai mataki na biyu, wanda mutane suke tsallakewa alhali shi ne hujjar: ranar da kake gida, ka sha kofi guda na madara da safe kafin ka ci komai, ka jira. Idan ƙugi da zawo suka dawo cikin awoyi kaɗan, ka samu amsarka. Idan kuwa ka bar madara mako biyu cif ciki bai daina ba, to a nemi dalili a wani wuri.

A nan ne awo yake shigowa. Ka je asibiti a rubuta maka awon bayan gida, ka kai shi da ɗuminsa, cikin awa guda idan zai yiwu, domin wanda ya wuni a aljihu ba ya nuna gaskiya. Jardiya ba kullum take fita ba, shi ya sa ake so a kai sau uku a ranaku daban-daban kafin a ce babu ita. Ka kuma sani cewa ganin ƙwan amiba a takardar awo ba ya nufin ita ce ke damunka, domin akwai wata ƴar uwarta marar cutarwa da madubin awo ba ya iya bambanta su, kuma mutane da yawa suna ɗauke da ita lafiya lau. Haka awon Widal da ake yi wa taifot, shi kaɗai ba hujja ba ne a ƙasar da kusan kowa ya taɓa haɗuwa da ƙwayar. Likita yana haɗa takarda da labarin marar lafiya ne, shi ya sa littafin nan naka zai yi masa amfani fiye da yadda kake zato. Duk wanda kuma yake da masassara tare da amai ko zawo a damina, a fara yi masa awon masassarar cizon sauro, musamman yaro, domin takan zo da alamun ciwon ciki.

Madara ba ita kaɗai ce ciki yake ƙi ba. Wake yana da wasu nau'o'in sukari da babu ɗan Adam ɗin da ke narkar da su, bambancin kawai wani ya fi wani jin iskar, kuma jiƙa shi a zubar da ruwan kafin dahuwa yana ragewa. Ɗanyar albasa, wadda Allah ya hore mana a Galmi da kewaye, tana kumbura cikin wasu, haka mangwaro idan an cika shi da zuma da lemon kwalba. Masu ciwon sukari da aka ɗora wa metformin sukan yi zawo a farkon shan sa. Akwai kuma cutar alkama, wadda ta fi waɗannan nauyi, domin a cikinta jiki ne yake lalata hanjinsa duk lokacin da aka ci burodi, taliya ko fanke, har ta kai ga rama da ƙarancin jini da tsumburewar yaro. Gero, dawa, masara da shinkafa ba su da sinadarin da ke tayar da ita. Wannan ba a gane ta da gwajin gida, awon jini take buƙata, kuma a yi awon kafin a bar alkamar. Wanda kuwa ya ci gyaɗa, ƙwai ko kifi, cikin mintoci jikinsa ya yi borin jini, leɓe ya kumbura, numfashi ya yi wuya, nasa ba rashin narkewa ba ne, abu ne mai iya kisa, asibiti za a nufa da shi nan take.

Akwai alamun da idan ɗaya ta bayyana, a ajiye gwajin madara a tafi wurin likita: jini a bayan gida ko baƙin kashi kamar kwalta, masassarar da ta wuce kwana biyu, amai da ya hana ruwa zama, ƙarancin fitsari da jiri, ciwo mai tsanani da ya tsaya wuri ɗaya ciki ya yi tauri, rama ba dalili, ko zawon da ya wuce kwana 14 ba hutu. Mutumin da ya haura shekara 50 ya ga fitarsa ta canza haka kawai, shi ma a duba shi da kyau. Maganin tsayar da zawo irin loperamid kuma ba a shan sa idan akwai jini ko masassara, ba a kuma ba yara ƙanana.

Tunda kana da iyali, bari in ƙara wannan, domin kuskure a nan yana da tsada. Duk abin da na faɗa game da barin madara bai shafi jariri mai shan nonon uwa ba. Yaron da ke zawo a ci gaba da ba shi mama, a ma ƙara, domin shi ne abin da ya fi saurin gyara hanjinsa. Zawon yaro ƙarami a wurinmu ƙwayar cuta ce har sai an nuna akasin haka, kuma abin da ke kashewa shi ne bushewar jiki. A dama ƙunshi guda na gishirin zawo a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, in babu ƙunshin a sa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, a shafe bakin cokalin kada a tula. A haɗa da zinc, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata shida ba. Rigakafin rotabirus, ƙwayar da ke kawo zawon yara, yana cikin rigakafin yara a Nijar tun 2014, ka duba katin ƴaƴanka ka tabbatar sun samu.

Idan gwajinka ya nuna madara ce, ba sai ka rabu da ita har abada ba. Ka koma wa hurarka da nono mai tsami tun daga mako na uku, ka fara da ludayi kaɗan, ka lura. Nonon dai ya zama wanda aka tafasa kafin a tsamar da shi, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da cutar bakkale mai sa dabbobi ɓari, da tarin shanu, waɗanda ba ruwansu da laktaz. Shayin safe kuma ka sha shi baƙi na wata guda ko biyu, sannan ka gwada cokali ɗaya na madara bayan ka ci burodi ko ƙosai, ka riƙa ƙarawa a hankali kowane mako har ka gane iyakar da cikinka yake ɗauka. Idan raunin daminar nan ne, akwai kyakkyawan zato iyakar za ta yi ta faɗaɗa har ka koma yadda kake. Idan wata uku suka wuce ba ta motsa ba, ko wata alama daga cikin waɗanda na ambata ta fito, ka ɗauki littafinka ka je a duba ka.